Yawon Yini Ɗaya A Kano: Na Gida Ya San Gida Kuwa?

Daga Wakilinmu a Kano

Akwai wata tambaya da ya kamata kowane ma'aikaci da kowane ɗalibi mazaunin Kano ya yi wa kansa, watau yaushe rabonsa da shiga Gidan Makama? In za a faɗi gaskiya, da yawa daga cikinmu ba su taɓa sa ƙafa a zaurensa ba, ko da yake suna giftawa ta ƙofar gidan safe da yamma a kan hanyarsu ta zuwa ofis ko makaranta. Ɗalibi yakan haddace sunan Muhammadu Rumfa da shekarun sarautarsa domin ya ci jarrabawa, ya ci kuwa, amma bai taɓa ganin gidan da Rumfa ya zauna ba, alhali tsakaninsa da gidan kuɗin A Daidaita Sahu ne kawai.

Dalilan da akan bayar ba su wuce uku ba. Wani ya ce babu lokaci, wani ya ce babu kuɗi, wani kuma ya ce ai yawon buɗe ido aikin baƙi ne da masu hannu da shuni. Duk wanda ya san yadda tsadar rayuwa ta matsa wa mai albashi ba zai raina maganar kuɗi ba. To, amma yawon da muke nufi a nan ba ya bukatar jirgi ko masauki, ko takardar neman hutu. Mutum ya fita da iyalinsa bayan sallar asuba ran Asabar, ya dawo gida kafin magariba, ya kwana a kan gadonsa.

Abin da ya sa maganar ta wuce ta shaƙatawa kuwa shi ne, wurin da mutanen gari ba sa ziyarta ba ya daɗewa. Hukuma takan manta da shi, mai gini ya sa masa ido, yara su tashi ba su san an yi shi ba. Saboda haka muka tsara wa masu karatu Asabar uku, biyu a cikin gari, ɗaya a bayan gari, domin kowa ya zaɓi wadda ta yi daidai da aljihunsa da ƙarfin ƙafarsa.

Asabar Ta Farko: A Fara Da Dala

Wanda yake so ya fahimci Kano sai ya fara daga inda Kano ta fara. Dutsen Dala yana tsakiyar unguwanni ne a arewacin Birni, kuma an yi masa matakala, saboda haka hawansa ba ya gagarar yaro ko dattijo mai sauran ƙarfi, muddin an tafi a sannu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sanyin safiya, kafin rana ta buɗe. Haka kuma watan Oktoba da farkon Nuwamba sun fi, domin a lokacin ruwa ya ɗauke, hazon hunturu kuma bai sauko ya rufe gari ba.

Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun sami alamun narka tama a gindin wannan dutse waɗanda suka kai ƙarni na 7, watau mutane suna zaune a nan suna ƙira shekaru fiye da 1,000 da suka wuce. Tarihin Kano ya nuna cewa a nan ne Barbushe yake shugabantar masu bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafin sarautarsa daga shekara ta 999. Jikan Bagauda, watau Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa.

Daga kan dutsen mai kallo zai hangi Goron Dutse, zai hangi hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a wanda aka yi gininsa na yanzu a 1951 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, zai kuma ga yadda gidaje suka malala ta kowace kusurwa har iyakar ganin ido. A nan ne uba zai iya nuna wa ɗansa da yatsa inda Birni ya tsaya da inda Waje ya fara, da dalilin da ya sa mutanen farko suka zaɓi wannan wuri: ga dutsen da ake hango abokan gaba, ga tama, ga ruwan Jakara, ga ƙasar noma. Darasin da malami zai yi mako guda yana zanawa a allo, a nan minti goma ya isa. Gani ya kori ji.

Gidan Mambayya

Idan aka sauko daga Dala, unguwar Gwammaja ba ta da nisa. A can ne gidan marigayi Malam Aminu Kano yake, wanda aka fi sani da Gidan Mambayya. An haifi Malam a 1920, ya yi aikin koyarwa, sa'an nan ya zama jagoran jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, daga baya kuma ya jagoranci PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979. Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, kuma a cikin gidan aka binne shi. Yanzu gidan yana hannun Jami'ar Bayero, wadda ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, aka kuma adana ɗakunan da ya zauna da wasu kayayyakinsa.

Abin da zai fi tsaya wa mai ziyara a rai shi ne ƙanƙantar wurin da mutumin ya rayu. Ga wanda aka sa wa filin jirgin saman Kano sunansa, ga kuma ɗakin da ya wadatu da shi. Ma'aikacin gwamnati wanda dukiyar jama'a take bi ta hannunsa, ya kamata ya tsaya a wannan ɗaki ko da sau ɗaya ne, ya yi wa kansa hisabi.

Kurmi Da Karofi

Daga Gwammaja sai a gangaro cikin Birni zuwa Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa. Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma tun daga zamaninsa kasuwar take ci. A nan ne ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gadamas suke sauke kaya, a nan ne kuma fataken Gwanja suke kawo goro su sayi tufafi. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta a kan mutum 30,000, ya kuma rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano suke kaiwa har Tumbuktu da gaɓar Bahar Rum. Jan fatar akuya da ake jema a ƙasar Hausa kuwa, da ta ratsa Sahara ta isa Turai, sai aka riƙa kiranta fatar Maroko, saboda ta can take biyowa.

Yau cinikin atamfa da shadda ya koma Kantin Kwari, na hatsi ya koma Dawanau, amma har yanzu a lungunan Kurmi mutum zai sami dukawa da masu sirdi da linzami da kayan adon doki, da masu takubba, da masu tsakiya da murjani, da masu kayan yaji da turare. Lungunan matsattsu ne, saboda haka a riƙe hannun yara. Kuma ba laifi ba ne mutum ya tsaya ya gai da mai rumfa ya tambaye shi sunan abin da bai sani ba. Yaron da ya tashi yana ganin hawan salla a talabijin, a nan ne zai taɓa likkafa da hannunsa ya san nauyinta.

Bayan Kurmi sai karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekara ta 1498. Aikin marina abin kallo ne ga kowa, amma ɗaliban kimiyya za su fi kowa ƙaruwa. A cikin rami mai zurfi ake haɗa ruwa da toka da baba da kanwa, a bar su kwanaki suna ruɓa har rinin ya nuna. Marini yakan tsoma ƙyalle ya ɗago shi, ya sake tsomawa ya sake ɗagowa. Sa'ad da ƙyallen ya fito daga ramin launinsa kore-kore ne, sai ya sha iska sa'an nan ya juye shuɗi, domin iskar ce take kama shunin ta zaunar da shi a jikin zare. Gwargwadon yawan tsomawa, gwargwadon duhun launi. Zanen da ake gani a jiki kuwa aikin mata ne a cikin gida, su suke ɗaure farin yadi da zare kafin a kawo shi karofi, inda aka ɗaure rini ba ya shiga. Idan rami ya mutu, akan kwashe laka a busar a ƙone ta zama katsi, a sake amfani da ita. Daga nan sai wurin masu bugu, inda ake ɗora tufa a kan gungume a yi ta dukanta da tabarya har ta yi ƙyalli.

Wannan sana'a ce ta yi wa Kano suna, ita ce kuma ta sa Buzaye suke neman turkuɗin ƙasar Kano tun kaka da kakanni. Amma mai ziyara zai ga ramuka da yawa babu kowa a kansu. Yadin waje mai araha da rinin kanti mai saurin kamawa sun janye masu saye. Duk wanda ya je ya sayi ko da ɗan mayafi ne ko ɗankwali, ya taimaka wajen hana wani rami rufewa.

Ciki Ma Yana Da Nasa Rabo

Kafin a bar cikin Birni rana ta take, yara sun fara ƙorafi, saboda haka sai a nemi abinci. Shawararmu ita ce, ranar yawo a bar abincin da aka saba ci a gida, a nemi wanda gari ya yi suna da shi.

Na farko a Kano shi ne gurasa. Larabawan da suka zauna a Birni saboda fatauci su ne suka zo da ita, matan Kano kuma suka karɓe ta suka mai da ita tasu, musamman a wajen Jakara. Da garin alkama ake kwaɓa ta, a bar ta ta tashi, sa'an nan a manna ta a jikin tanderu mai zafi har ta gasu. Akan ci ta da miyar taushe, akan kuma yi bandashe, watau a yayyafa mata ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da dakakken ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir a kai. Wanda aljihunsa ya yarda sai ya haɗa da tsire ko balangu. Bayan gurasa akwai alkubus da funkaso da waina, akwai ɗanwake da mai da yaji, akwai kwaɗon zogale. Wanda zafi ya dame shi ya nemi fura da nono. Wanda zai yi tsaraba ga mutanen gida kuwa, unguwar Agadasawa ta yi suna wajen kilishi.

Ƙananan gidajen abinci suna nan a kowace unguwa, inda ake tuwon shinkafa da miyar kuka ko ta kuɓewa, da shinkafa da wake, da farfesu. Wanda yake so ya ɗanɗana na maƙwabta sai ya leƙa Sabon Gari ya ci sakwara ko amala. Kwarori ma, watau mutanen Labanan da Sham waɗanda Kantin Kwari ya samo sunansa daga gare su, sun daɗe a Kano har abincinsu ya zama na gari. A faranti ɗaya yaro zai iya koyon cewa garinsu mahaɗar jama'a ce tun fil azal.

Sai dai a kula da abu uku. A zaɓi wurin da ake cin kasuwa, domin a nan ne abinci ba ya kwana. A ci abin da aka sauke da zafinsa. A kuma tafi da ruwan sha daga gida, da sabulun wanke hannu, musamman da damina lokacin da ciwon ciki yake yawa. Rigakafi ya fi magani.

Asabar Ta Biyu: Gidan Makama

Gidan Makama yana daura da fadar Sarki, a Ƙofar Kudu. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa sa'ad da yake riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon mulki ya gina Gidan Rumfa inda sarakuna suke zaune har yau. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan a matsayin ofis na ɗan lokaci. Daga baya wani sashe ya zama makaranta, wani kuma ya zama gidan adana kayan tarihi a ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta Nijeriya.

Kafin mutum ya dubi abin da ke ciki, ya fara duban ginin kansa. Da tubali da ƙasa aka yi shi, rufinsa na azara ne, ga bakan gizo da magina suka ɗaura ba tare da ƙarfe ko siminti ba, ga zankwaye a saman katanga, ga indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango. Wanda ya shigo daga zafin titi zai ji sanyin ɗakunan nan take, domin kaurin bangon ƙasa yana hana zafin rana ratsowa. Ɗaliban fasahar gini da suke zana gidajen da ba a iya zama a cikinsu sai da na'urar sanyaya ɗaki, suna da abin koyo a nan.

An kasa gidan ɗaki 11, kowanne da abin da yake bayani a kai. Akwai taswirar ganuwa da ƙofofinta. Akwai ƙyamaren tsoffin ƙofofin gari, har da na Ƙofar Kabuga, ta wajen da sojan Ingila suka shiga Birni ran 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato. Akwai bayanin jihadi da zuwan sarautar Fulani, da zamanin Ibrahim Dabo wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Akwai na yaƙin basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, wanda ya raba ɗa da uba, wa da ƙane. Akwai kayan yaƙi irin su sulke da kwalkwali da garkuwa, da kayan noma da saƙa da kiɗa, har da ɗakin amarya yadda ake jera shi a zamanin da. A nan ne uwa za ta sami abin da za ta ba 'ya'yanta mata labari, domin wataƙila irin jeren da ta gani ke nan a ɗakin kakarta.

Kuɗin shiga ba shi da yawa, kuma akwai ma'aikata masu zagayawa da baƙi suna yi musu bayani. Yana da kyau a tambayi lokacin buɗewa kafin ranar tafiya, kuma malamin da zai kai aji guda ya sanar da hukumar gidan tun da wuri.

Gidan Ɗan Hausa

Daga Ƙofar Kudu sai a fita ta Ƙofar Nassarawa zuwa Gidan Ɗan Hausa. Ɗan Hausa laƙabi ne da aka yi wa Hanns Vischer saboda ƙwarewarsa a harshen. An haife shi a ƙasar Suwizalan a 1876, ya shiga aikin mulkin Ingila a Nijeriya ta Arewa, ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Barno a 1906, sa'an nan a 1909 ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, a nan Nassarawa. A makarantar ana koyarwa da Hausa, ana kuma koyar da sana'o'in hannu tare da karatu da lissafi. Gidan da ya zauna bene ne na ƙasa, ginin magina Hausawa, kuma a harabarsa ne Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano take.

Kowane ma'aikaci da yake riƙe da alƙalamin gwamnati a Arewa, da kowane ɗalibi da yake ɗauke da jakar littattafai, hanyar da ya biyo ta faro ne daga wannan unguwa. Mutum yana iya yaba ilmin boko, yana kuma iya sukar manufar waɗanda suka kawo shi, amma ko wanne zai yi, gara ya ga inda abin ya fara.

Gidan Namun Daji

Da la'asar sai a ƙarasa gidan namun daji na Audu Bako, wanda jama'a suka fi sani da Gidan Zu. An kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, Gwamnan Jihar Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Wuri ne mai faɗi da itatuwa masu inuwa, irin filin da ya yi ƙaranci a Kano ta yau, inda iyali za su shimfiɗa tabarma su huta, yara su yi guje-guje ba tare da tsoron mota ba.

Yaran Hausawa sun san zaki da kura da jimina da kada a cikin tatsuniya da karin magana, amma dazuzzukan da kakanninsu suka san waɗannan dabbobi a ciki yawancinsu sun zama gonaki da gidaje. Yaron da ya ji an ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, a nan ne zai ga kurar ido da ido. Da bikin salla wurin yakan cika maƙil, saboda haka mai son natsuwa ya zaɓi wata rana dabam. A hana yara tsokanar dabbobi, ko jifansu, ko miƙa hannu cikin keji.

Asabar Ta Uku: Tiga

Wanda yake da mota, ko abokan aiki da za su yi karo-karo su ɗauki hayar bas, sai su nufi kudu. Madatsar ruwa ta Tiga tana da nisan kilomita 70 ko kusa da haka daga Kano. An gina ta a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, ita ma zamanin Audu Bako, kuma sa'ad da aka gama ta tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A kan hanya za a wuce ta Kura da filayen Kadawa, inda ruwan Tiga yake bi ta magudanai ya shayar da shinkafa da alkama da tumatir da rani. Yaron da ya ci gurasa a makon farko, a nan zai ga irin gonar da alkama take fitowa.

A bakin ruwa akwai iska mai daɗi, akwai masunta da kifinsu. Amma ɗalibi mai tunani ya kamata ya san ɗaya gefen labarin. Ruwan da aka tare a nan ya rage ambaliyar da take cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara, waɗanda manoma da masunta da makiyaya na can suke dogara da su. Madatsar Bagauda da ke kusa kuma ta ɓalle a watan Agusta na 1988, ta yi ɓarna mai yawa. Aikin raya ƙasa yana da riba, yana kuma da wanda yake biyan kuɗinsa, kuma ma'aikatan gobe su ne za su riƙa auna waɗannan abubuwa.

Gargaɗi ɗaya ya zama tilas. Kada a bar yara su shiga ruwa, kada kuma a hau kwalekwalen da aka cika shi fiye da kima ko wanda ba shi da rigar ruwa. Ba a manta da hatsarin Bagwai na watan Nuwamba, 2021 ba, inda jirgin ruwa ya kife da fasinjoji, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. A kuma kamo hanyar gida da sauran rana.

Abin Da Ba A Ziyarta

Wanda ya yi wannan zagaye zai dawo da farin ciki, zai kuma dawo da damuwa. A 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Amma kowa ya bi gefenta ya san cewa wurare da yawa sun zube, wasu an ɗebe ƙasarsu an yi gini, wasu an kafa gidaje da shaguna a kansu. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta. Dalar gyaɗa, wadda ta zama alamar Kano a idon duniya, ta ɓace tun daga tsakiyar shekarun 1970 bayan fari da cutar gyaɗa, yau sai dai a hoto. Dattijon da ya gan ta da idonsa yana nan da rai, jikansa kuwa bai san ko a wace unguwa take ba.

Mun saba ɗora laifin irin wannan a kan hukuma, kuma babu shakka hukuma tana da nata kason. Amma ma'aikacin da yake tsara kasafin kuɗi, da wanda yake sa hannu a takardar fili, da injiniyan da yake zana titi, ai mu ne, ko 'ya'yanmu da suke makaranta yanzu. Wanda aka kai shi Dala yana ɗan shekara 10, aka nuna masa ganuwa aka gaya masa wanda ya fara ta, zai yi tunani sau biyu kafin ya ba da izinin rushe ta sa'ad da ya zama babban sakatare. Wanda bai taɓa gani ba kuwa, tarin ƙasa kawai zai ɗauke ta.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi da shugabannin makarantu su sa ziyarar waɗannan wurare cikin tsarin kowane zango, ko da aji ɗaya ne a lokaci guda. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ma'aikata, waɗanda ba sa rasa kuɗin walima, su ware rana ɗaya a shekara domin wannan. Hukumomin da wuraren suke hannunsu su kafa alluna masu bayani da Hausa, su tanadi ruwa da makewayi da wurin salla, su kuma sanar da lokutan buɗewa a rediyo. Mai ziyara shi ma da nasa aikin: ya biya kuɗin shiga ba tare da neman alfarma ba, ya karɓi rasit, kada ya yi rubutu a bango, ya kuma kwashe ledarsa ya tafi da ita.

Masu karatu na sauran garuruwa kada su ce wannan magana ta Kanawa ce kaɗai. Na Katsina suna da Hasumiyar Gobarau, na Daura suna da rijiyar Kusugu, na Zariya suna da Kufena da masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, na Kaduna suna da Gidan Arewa inda Sardauna ya zauna, na Sakkwato suna da Hubbare, na Argungu suna da gidan tarihi na Kanta. Babu garin da ba shi da abin da ya cancanci yini guda.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, ba su kuwa ce sai mai nisa ba. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, a tashi yara da wuri, a cika gora da ruwa, a nufi Dala. Allah ya sa mu dace, ya kuma ba mu ikon riƙe abin da magabata suka bar mana, amin.